Allurar da Ka Ce Tana Ƙarya

Dogon Dutsi, ranar Lahadi.

Zuwa ga Nomau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin lafiyar jiki da ta hankali, kuma ta biyun ce na fi yi maka roƙo a kai. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka bi, ya tsare wadda za ka ɗauka, ya tsare abin da ita ma take ɗauke da shi.

Na san za ka yi mamaki. Darni ɗaya ne tsakanin gidana da naka, tarinka ma ina ji, ga shi kuma na aiko maka takarda kamar wanda ke Makka. To, kai ɗan fari ne, ban taɓa zaunar da kai na dube ka ido cikin ido ba. Shekara ashirin da huɗu ina aika maka magana ta bakin baffanka. Wannan kuwa idan na sa ta a bakin baffanka, kafin ta ƙetare darnin ta zaga kasuwa sau biyu. Shi ya sa na rubuta da hannuna, da ajami, don kada ka ce sai ka nemi ɗan lakwal mai karatun boko ya karanta maka.

Jibi za ka tashi zuwa Dosso da tsohuwar motar da ka saya wurin Baturen nan mai sayen gyaɗa da ya koma ƙasarsu. Za ka kai Dije gidan iyayenta goyon ciki, kai kuma ka zauna can kana jigilar 'yan kasuwa zuwa Gaya. Ranar Juma'a ka zaga da ni gari don in sa albarka, na kuma sa. Amma na ga abubuwa uku. Ƙasa a jiƙe take inda motar ta kwana. Akwai ƙara a cikin tabulo, allon nan na gaban direba. Sannan kafin mu kai gindin dutse, allurar zafi ta wuce tsakiya tana neman ja. Ina kallonka ka ɗalle ta da yatsa, ka juya ka ce wa baffanka, "Wagga allura ƙarya taka yi, hakanan nis saye ta." Tun ranar tuwo bai ƙara yi min daɗi ba. Tsoro nake ji, Nomau. Mace mai ciki wata takwas za ka ɗora a motar nan, a tsakiyar bazara.

A garin nan ana ce da ni Gado mai mota, wanda mota ba ta taɓa kayar da shi ba. Ni na shuka wannan suna, ni na yi masa ban ruwa. Yau zan gaya maka yadda abubuwa suka faru da gaske.

Na fara tuƙi a motar bariki, ina kai kumandan, Baturen mulki, rangadin ƙauyuka. Wata rana da zafi muka faɗa yashi kusa da Matankari, na yi ta dannawa har muka fita, sai mota ta fara huci, tururi yana fitowa ta hancinta. Na tsaya daidai wata rijiya. Mutanen ƙauye suka taru, da yawansu ba su taɓa ganin cikin mota ba. Kumandan yana duba agogo, gardi, ɗan sandan da ke raka shi, yana yi min tsawa: "Kai Gado, mi kaka jira? Kumandan shina sauri!" Ga kuma 'yan mata sun bar guga suna kallona. Sai na naɗe hannun riga, na gyara hula, na kama murfin lagireto, tukunyar ruwan injin, da hannu tsirara na murɗe.

Ban ga fitowar ruwan ba, saukarsa kawai na ji. Murfin ya yi sama ya dawo cikin ƙwaryar wata mata. Da na buɗe ido, girata ta hagu babu, rabin gashin baki babu. Kumandan, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba tun zuwansa ƙasar nan, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da na dawo gida na ce wa mutane wani ciwon fata ne da ke kama masu aiki da Turawa, har wasu suka riƙa yi min jaje da girmamawa. Girar ba ta dawo ba sai bayan kaka, kuma a karkace ta dawo. Ka dube ni da kyau ranar da za ka tashi, za ka ga ta hagu ba ta kai ta dama ba.

Saboda haka idan mota ta tafasa, ka kai ta inuwa, ka juya hancinta ga iska, ka ɗaga murfin injin, ka ƙyale ta. Ka zauna ka ci goro guda, ba ɓari ba, kuma a hankali. Bayan nan ka ninka tsumma mai kauri, ka kau da fuska, ka murɗa murfin kaɗan har ya gama huci kafin ka cire. Kada ka zuba ruwa sai ka tayar da injin, kuma kaɗan-kaɗan, domin ruwan sanyi yana tsaga ƙarfe mai zafi kamar yadda yake tsaga tukunyar da aka sauke daga murhu. Fasinja za su yi maka tsawa. Ka bar su su yi, ni tsawar gardi ba ta cire min gashi ko ɗaya ba.

Da na bar bariki na kama tuƙin babbar motar kaya, kamiyon Alhaji Na-Allah, wanda ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da haƙurin da ya yi da ni. Motar ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu, lagiretonta yana ɗigo. Wani tsohon direba daga Sakkwato ya ce min ɗan garin barkono, abin da yatsa biyu za su ɗiba, yana toshe ƙaramin yoyo har mutum ya kai gari. Gaskiya ya faɗa. Ni kuma na zauna na yi nawa tunanin, wanda shi ne babban ciwona a duniya. Na ce ai abin da ake nema shi ne abu mai yauƙi da zai liƙe huda, kuma me ya kai kuka yauƙi? Na shiga kasuwa na sayi garin kuka na zuba ludayi uku. Ruwan da na cika da shi kuwa na wata rijiya ce mai kanwa. Ka lissafa da kanka: ga ruwa, ga kuka, ga kanwa, ga wuta. Daddawa kawai na manta.

Ɗigo ya tsaya cak, na kuwa yi ta fahariya a tasha. Muka kama hanya. Kafin mu kai Kore Mairuwa wani ƙamshi ya fara tashi, sai na ji wani tsoho a baya yana buga rufin mota da sanda.

"Direba! Wa ad da miya cikin motag ga? In da tuwo a miƙo muna!"

Ban gama ba shi amsa ba koren kumfa ya fara fitowa ta gefen murfin injin yana bin taya. Sai jan motar aka yi har Dosso. Makaniken can, mutumin Dahome ne, ya narke dalma ya buɗe lagireton, ya riƙa zura waya a kowace kafa yana jawo zaren yauƙi. Kwana uku yana yi. A na ukun ya ɗago kai ya tambaye ni da gurguwar Hausarsa ko auren motar na yi da nake ba ta miya. Alhaji kuwa na gaya masa ruwan rijiyoyin hanya ne ba shi da kyau, ya yi ta tsine wa rijiyoyin da ba su san hawa ba.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya, kuma shi nake so ka yi. Kowace safiya kafin ka tayar, ka durƙusa ka dubi ƙasa. Inda ya jiƙe, ka bi shi sama da yatsa har ka kai inda yake fitowa. Idan tiyo ne, ka matsa shi yana da sanyi. In ka ji ya yi laushi ko ya tsattsage a canza shi, in kuwa bakinsa ne kawai a ƙara ɗaure ƙarfen. Idan jikin lagireto ne, mai dalma za ka kai wa, ba mai kayan miya ba. Idan daga bayan fanka yake zubowa, ka kama fankar ka girgiza, in tana rawa famfon ruwa ya gaji. Wanda ya fi muni shi ne ƙasa a bushe amma ruwa yana raguwa. Nan sai ka zaro sandar mai ka duba. In ka ga man ya yi fari kamar an dama shi da nono, ko farin hayaƙi yana fita ta baya bayan injin ya ɗumama, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kada ka je ko bakin gari.

Ruwan sama ya fi kowane ruwa, in babu ka tace na rijiya da tsumma, mai kanwa kuwa ka bar wa raƙuma. Kada ka tashi ba garwa biyu cike a bayanka. Ka riƙa share fuskar lagireto, domin fara da ƙaiƙayi suna toshe ta, iska ta rasa hanya. Taka motar kuwa, ranar Juma'a na sunkuya kamar ina gyara takalmi na leƙa. Tiyon ƙasa ne, wajen hagu, ya kumbura a wuya.

Yanzu maganar ƙara. Ka taso kana jin yadda iska ta shiga motata, aka yi wata biyu ana fama, har wata tsohuwa 'yar bori a Tibiri ta fitar da ita. Ni na ba da labarin, kuma kowace shekara yana ƙara tsawo. Ga gajerensa.

Wata safiya na ji ƙas-ƙas a bayan tabulo. Na gaya wa wani abokina a tasha, ya girgiza kai ya ce an sa min hannu, direbobi masu hassada sun yi yawa. Na nemi laya a cikin ƙahon rago, na ɗaure ta da waya can cikin bayan tabulo inda ido ba ya kaiwa. Kashegari ƙara ta zama biyu. Na ce lallai abin ya ji magani yana faɗa. Na samo wata a cikin ɗan gwangwani, da wuri bakwai a jiki, na rataye kusa da ta farko. Ƙara ta zama uku, har da wani ɗan kiɗi. Na ƙara da kwalbar rubutu. Kafin wata ya ƙare, in na hau gargada sai ka ce masu caki ne suka taru a gabana. Fasinja suna shiga da bisimilla suna fita da hamdala, mata suka daina zama gaba, aka ce Doguwa ta kama gida a motar Gado. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ɗan yi min daɗi, domin ba kowace mota Doguwa take shiga ba. Amma in ni kaɗai ne a hanya, addu'a nake ta ja har in isa gari.

Na ɗauki baƙar kaza na tafi Tibiri wurin Iya Dela. Na zaci za ta sa a yi kiɗa a yi turare. Sai ta ɗaura zane ta ce, "Ban taɓa hawa mota ba. Kai ni in ji ta da kunnena." Ta zauna gaba ta rufe ido, muka fita bayan gari, caki ya tashi.

"Tsaya," in ji ta. Na tsaya, injin yana aiki. Shiru.

"Sa ta ta yi kuka awa ɗazu, amma kak ka tahi." Na taka wuta, injin ya yi ruri. Ƙarar babu.

"To tahi." Da muka hau gargada, ga ta nan.

Ta buɗe ido ta dube ni. "Ɗana, ni tun ina budurwa nika hulɗa da mutanen ɓoye. Ban taɓa ganin wadda ka jiran gargada kahin ta yi magana ba."

Ta zura hannu ƙarƙashin tabulo har kafaɗa, ta jawo waya. Ga ƙaho, ga gwangwani, ga kwalba, duk suna karo da juna. Ta sake lalubawa ta fito da wata ƙaramar sifana, wadda na yi wata biyu ina zargin mutane da sace ta. Ita ce mai ƙarar farko.

"Wanga ƙarhe shi ne iskarka," in ji ta. "Sauran kuwa kai kag gayyato su."

Kazar dai ta riƙe, ta ce ladan jijjigar da ta sha ce. Na roƙe ta kada ta faɗa, ta kuma cika alkawari har ta koma ga Allah. In an ce mata ta fitar da Doguwa daga mota, sai ta ce, "An dai hitar da abin da ka ciki."

Duk makaniken da na sani, babu wanda ya koya min sauraron mota kamar tsohuwar nan. Ka tambayi kowace ƙara wa take bi. In tana zuwa a gargada ta tafi a hanya mai kyau, wani abu ne ya kwance. Ka kwashe duk tarkacen cikin aljihun tabulo, sannan kana tafiya a hankali ka riƙa dafa wurare da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarar ta mutu a ƙarƙashin hannunka nan take, ka ɗaure kusa ko ka cusa guntun robar tsohuwar taya. In ka ji tik-tik da ke ƙaruwa da gudu, allurar gudu kuma tana rawa, wayarta ce take son mai. Waɗannan duk ban haushi ne kawai, ba sa kashe kowa. Amma in ƙarar tana bin injin, kana tsaye kana tafe tana nan, to daga gaba take ratsowa. Kuwwa mai kaifi fambel ne, robar da ke juya fanka, yake sulɓi. Ƙul-ƙul irin na ruwa a gora kuwa ruwanka ne ya ragu, iska ta shiga, yana tafasa. Ban ce babu mutanen ɓoye ba, mu mutanen Arewa ne, mun san abin da muka sani. Na ce dai ka fara neman sifana. A taka motar ƙara biyu na ji. Ɗaya marfin aljihu ne, ban damu da ita ba. Ɗayar na ji ta bayan ka kashe injin a ƙofar gida, kuma ƙul-ƙul ce.

Saura guda ɗaya, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami. Sauran duk na sa su gaba ne don hannuna ya saba.

Kowa ya san a gindin gawo aka haife ka, tsakanin Kore Mairuwa da Tibiri. Kowa ya san Doguwar gawon ce ta tsayar da motar don tana son ganin jariri. Har yau akwai tsofaffin da ke dubanka da wani ido saboda haka, kai ma na lura ba ka ƙin a faɗa.

Lokacin da cikinka ya kai wata bakwai, kakanninka na Tibiri suka aiko a kai musu 'yarsu goyon ciki. Na ce a dakata. Ina so in kai ta da kaina, a gaban mota, ranar kasuwar Tibiri, in shiga gari da oda kowa ya fito ya ga irin mijin da 'yarsu ta samu. Na yi ta ɗagawa ina jiran ranar da Alhaji zai aike ni can da kaya, har ciki ya tsufa. Ranar ta zo a farkon damina, ana shuka, rana tana dukan ƙasa. Na sa sabuwar farar riga. Da safe na ɗaga murfin injin na ga fambel ya saki, da ido ma ana gani. Aikin ɗaure shi bai kai tsawon sallar azahar ba. Na dubi fambel, na dubi farar riga, na rufe murfi.

Kafin Kore Mairuwa allura ta wuce tsakiya. A Kore Mairuwa akwai ruwa, akwai inuwa, akwai komai. Amma 'yan kasuwar da ke baya suna yi min kirari, na kuma aika cewa zan iso kafin azahar. Na ga in na tsaya ina jan guga da farar riga, girmana ya zube. Na wuce. Allura ta shiga ja, tana tsone min ido. Ka san abin da ubanka ya yi? Na cire hula na rataye a kanta.

Ba mu yi nisa ba na ji ƙaurin ƙarfe, mota ta fara rasa ƙarfi, injin yana bugawa. Ya yi wata irin ƙara sau ɗaya, ya kafe. Muka tsaya a tsakiyar daji kusa da gawon nan, wanda ya riga ya fara zubar da ganye, ko inuwar kirki babu. Jijjigar hanya da zafin da ke tasowa ta ƙasan kujera sun riga sun gama aikinsu. Uwarka ta kama hannuna ta ce, "Gado, abin ya taho."

Wasu mata biyu masu tallan daddawa suka sauko daga baya suka kewaye ta da zannuwansu. Ruwan da ya rage a garwa, wanda na hana motar, shi aka yi aiki da shi. Farar rigar kuwa ita aka yayyaga. Ni aka kora can nesa, na zauna a rana ina jin muryarta tana raguwa. Ta zubar da jini mai yawa, Nomau. Ɗaya daga matan ta zo ta ce min in yi addu'a, domin ba ta ga alamar za ta kai la'asar ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban da wanda zan ɗora wa laifi. A kan amalanken shanu aka shigar da ku Tibiri, ni ina biye a ƙasa, ba riga ba oda.

Da surukaina suka tambaya me ya tsayar da motar, ba ni na amsa ba. Uwarka ce, daga kwance, da ƙyar ake jin muryarta, ta ce Doguwar gawo ce. Ita kuwa tana zaune kusa da ni tun daga Dogon Dutsi, ta ga lokacin da na rataye hular. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko a faɗa, kuma mun yi faɗa ba kaɗan ba.

Allurar nan ba ta da surukai da take son burgewa, ba ta da farar riga. In kana shakkarta, ka gwada ta gobe: da safe tana ƙasa, in injin ya ɗumama ta hau tsakiya ta tsaya. Allurar da ta lalace ko dai ba ta motsi, ko tana tsalle ba dalili. Taka tana hawa a hankali, tana ƙaruwa a hawan tudu, wato aikinta take yi. Gobe ka canza tiyon nan. Ka danna fambel da babban yatsa, in ya lotsa fiye da faɗin yatsan a ɗaure shi. Ka wanke lagireto, ka cika, ka bar injin ya yi aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita. In bayan haka allura ta sake neman ja, ka fasa jibi, ka sa Dije a motar wani, ka ji kunya ta kwana biyu. In kuma kun tashi, ku tashi da sanyin safiya, ka tsaya a kowane gari mai rijiya ko da fasinja sun ce kai matsoraci ne. Rigar da ba ka jin tausayinta za ka sa.

Ɗazu bayan la'asar na karanta wa uwarka abin da na rubuta, domin ban ga ya dace in kwance abin da ta ɗaure ba da izninta ba. Ta yi dariya a wurin miyar kuka har da hawaye. Da na kai wurin gawo ta koma kan waken da take tsincewa. Can ta ce, "Shekara ashirin da huɗu nika jiran in ji shi ga bakinka. Aika mishi." Sai ta ƙara da cewa in gaya maka in ka kuskura ka wahalar mata da Dije, babu wata Doguwa da za ta ara maka.

Allah ya kai ku lafiya. Ya sanyaya muku hanya, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na yashi da na girman kai. Ya sauki Dije lafiya a hannun uwarta, ya raya abin da za a samu, ya sa albarka a sana'arka fiye da yadda ya sa a tawa. Ka gaida surukanka da kyau.

Abu ɗaya nake roƙonka, ni da ban taɓa roƙonka komai ba. Jikana ya zo duniya a cikin ɗaki. Gawo ɗaya ya ishi gidan nan.

Wassalam.

Ni ne ubanka,
Gado.